Wa ke zuba wa teku taki? Amsa kan ƙwayoyin halittar da ke kama naitirojin a saman ruwa

Tambayar ta zo daga wani malamin darasin noma a wata makarantar sakandare a Kaduna. Ya ce: "Muna koya wa yara cewa wake da gyaɗa da waken suya suna kama naitirojin daga iska ta hanyar ƙululun da ke saiwarsu. Sai wani ɗalibi ya ce, to teku fa, da babu wake kuma babu mai zuba yuriya, daga ina tsirran cikinsa suke samu? Na kuma ji ana cewa ƙurar hunturu tana da hannu a ciki. Gaskiya ne? Kuma ta yaya ake auna abu irin wannan a tsakiyar ruwa?"

Malam, Allah ya ƙara basira, kai da ɗalibin naka, domin tambayar ta taɓo ainihin wurin. A teku ma akwai masu yin aikin da bakteriyar saiwar wake ke yi. Bambancin shi ne ba su da saiwar da za su fake a ciki, suna yawo ne a saman ruwa inda hasken rana ke kaiwa, galibi cikin mita 100 na farko. Batun ƙurar hunturu kuwa gaskiya ne, kuma ita ce ke kai musu sinadarin ƙarfe da aikin ba ya yiwuwa sai da shi.

Sai mu fara da dalilin da ya sa saman teku a yankin zafi yake cikin yunwa. Rana tana dumama ruwan sama duk shekara. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, don haka yana zama a sama, na sanyi yana kwance a ƙasa, kuma da wuya su gauraya. Ƙananan tsirran teku, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, suna shanye naitiret ɗin da ke sama, wato narkakken naitirojin da tsirrai ke iya sha. In sun mutu sai su nitse, su ruɓe a can ƙasa cikin duhu, naitiret ɗin ta taru a inda babu haske balle a yi amfani da ita. A zurfin mita 1,000 za ka iya samun maikiromol 20 zuwa 40 na naitiret a kowace lita, a sama kuwa sau da yawa 'yan nanomol ne kawai (duka biyun ma'aunin yawan sinadari ne, nanomol 1,000 ne maikiromol 1), wato ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na abin da ke can ƙasa. Shuɗin ruwan nan mai tsabta da ake gani a hotunan tsakiyar teku alama ce ta ƙarancin abinci. Masanin teku Alfred Redfield ya nuna tun 1934 cewa jikin waɗannan tsirrai yana bin wani ma'auni, wanda daga baya aka daidaita shi a kan ƙwayar zarra 106 ta kabon, 16 ta naitirojin, 1 ta fosforos. Da zarar naitirojin ya ƙare, girma ya tsaya, ko da sauran suna nan.

Alhali naitirojin yana nan birjik. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, kuma a ruwan teku mai ɗumi akwai kusan maikiromol 400 na iskar naitirojin narke a kowace lita. Matsalar ita ce ƙwayoyin zarra biyu ne manne da juna da ɗauri uku, ɗaya daga cikin ɗauri mafi ƙarfi a ilimin sinadarai. Kamfanonin yuriya irin na Lekki da Eleme da Onne suna tsinka shi ta hanyar Haber da Bosch, wadda aka fara aiki da ita a masana'anta a Jamus a 1913, da zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi fiye da ninki 100 na matsin iska. Bakteriya kuwa tana tsinka shi a ruwa mai digiri 27, da wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jikin halitta, da ake kira naitirojinas.

Enzayim ɗin kashi biyu ne. Akwai ƙaramin furotin mai ƙarfe, wanda ke miƙa lantarki, da babba mai ƙarfe da molibdinam, inda ake tsinka ɗaurin. Kafin a mayar da ƙwayar iskar naitirojin ɗaya ta zama amoniya biyu, sai an kashe ƙwayar makamashi ta ATP guda 16 da ilektaron 8, kuma dole iskar haidirojin ɗaya ta fita a matsayin asara. Daga nan ake samun sharuɗɗa uku da ke juya dukkan lamarin. Aikin yana da tsadar makamashi, shi ya sa ya fi yawa inda rana take. Yana cin ƙarfe da yawa. Sannan iskar oksijin tana lalata enzayim ɗin, lalatawar da ba ta gyaruwa, sai dai ƙwayar ta ƙera sabo.

Sharaɗi na ukun nan shi ne mai wuya. A wake, ƙululun saiwa yana da wani jan furotin da ke riƙe oksijin, shi ya sa in ka tsaga ƙululu mai aiki za ka ga cikinsa ja-ja. A teku, yawancin masu wannan aiki bakteriya ne masu haɗa abinci da hasken rana, wato su da kansu ke samar da oksijin ɗin da ke kashe enzayim ɗinsu. Kowane jinsi da dabarar da yake bi.

Wanda aka fi sani shi ne Trichodesmium. Zare-zare ne, kowane zare yana da ƙwayoyi kamar 100 jere, kuma zaren suna haɗuwa su yi dunƙule mai faɗin milimita 1 zuwa 'yan milimitoci, wani kamar dami, wani kamar curin gashi, har ido yana ganinsa. In teku ya lafa babu iska, sai ya taso ya shimfiɗu a saman ruwa launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja, tsawon kilomitoci masu yawa, har tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hotonsa. Matuƙan jirgin ruwa na da suna kiransa garin katakon teku. Ayarin James Cook ya rubuta labarinsa kusa da Ostireliya a 1770, Ehrenberg ya raɗa masa suna a 1830 daga wanda ya gani a Bahar Maliya, amma sai a 1961 ne Dugdale da abokan aikinsa suka nuna a Tekun Sargaso cewa inda yake ana kama naitirojin. Yana son ruwan da ya haura digiri 20, ya fi jin daɗi tsakanin 24 da 30. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne da rana yake kama naitirojin, lokacin da yake fitar da oksijin, kuma ba shi da keɓaɓɓiyar ƙwaya mai kaurin bango irin ta danginsa na ruwan daɗi. Abin da bincike ya nuna shi ne wajen tsakar rana yana rage fitar da oksijin, yana ƙara ƙona wanda ke cikinsa, a wannan tsakanin ne enzayim ɗin ke aiki sosai. Yana kuma da 'yan jakunkunan iska a cikin ƙwayoyinsa, masu jure matsi ƙwarai, da suke taimaka masa ya tashi sama ko ya sauka.

Crocosphaera watsonii ƙwaya ɗaya ce tilo, 'yan maikiromita. Ita raba lokaci ta yi: da rana ta haɗa abinci ta adana, da dare ta ƙona shi ta kama naitirojin. A 2011 Saito da abokan aikinsa sun gano cewa kullum da yamma tana wargaza wasu furotin na aikin rana ta kwashe ƙarfensu ta ƙera naitirojinas, da asuba ta mayar. Da wannan take rage buƙatar ƙarfe da kusan kashi 40 cikin 100.

Richelia intracellularis kuwa zare ne gajere da ke zama a cikin wata gansakukar teku mai kwanson gilashi, irin su Hemiaulus da Rhizosolenia, kuma ita tana da keɓaɓɓiyar ƙwayar nan mai kaurin bango da ke hana oksijin shiga. Ana samun ta da yawa inda ruwan Kogin Amazon ya bazu cikin Atlantika, bayan naitiret ɗin kogin ta ƙare amma sauran silika, wadda ake gina kwanson da ita, da fosfat, wato narkakken fosforos. Saboda kwanson yana da nauyi, in suka mutu suna nitsewa da sauri, su tafi da kabon can ƙasa.

Na huɗu shi ya sauya littattafai. A 1998 Jonathan Zehr ya tsinci wata ƙwayar gado ta naitirojinas a ruwan Tekun Fasifik da ba ta dace da kowace halittar da aka sani ba. Aka kira mai ita UCYN-A. Bayan shekara 10 aka ga ta rasa sashen da ke fitar da oksijin, daga baya aka tabbatar ba ta iya haɗa abinci da kanta, sai a 2012 aka gano tana zaune ne da wata ƙaramar gansakuka dangin Braarudosphaera bigelowii. A 2024, bayan Kyoko Hagino ta Japan ta yi shekaru tana fama har ta iya renon gansakukar a ɗakin gwaji, aka wallafa a mujallar Science cewa UCYN-A ta wuce matsayin baƙuwa, ta zama gaɓa ta jikin gansakukar: suna rabuwa tare in ƙwayar za ta haihu, kuma uwar ɗakin ce ke ƙera mata furotin da yawa tana tura mata. Aka sa wa gaɓar suna naitiroflas. A 2024 ɗin kuma masana daga Bremen ta Jamus suka ba da rahoton wata bakteriya a cikin gansakukar Haslea a Atlantika, wadda 'yar dangin Rhizobium ce, wato dangin ta saiwar wake kai tsaye. Wannan zai yi wa ɗalibinka daɗi. Shawarata dai kada a gaya wa yara cewa gobe za a sami masarar da ba ta buƙatar taki saboda wannan. Gano gaɓa a gansakuka daban, dasa ta a hatsi daban, kuma tazarar da ke tsakani mai nisa ce.

Yanzu ga ƙura. Ruwan teku yana da oksijin kuma yana da ɗan kaifin alkali, a irin wannan yanayi ƙarfe ba ya zama a narke, tsatsa yake yi ya nitse. A tsakiyar teku nesa da gaɓa, narkakken ƙarfe kan yi ƙasa har zuwa nanomol 0.1 a lita. Hanya mafi girma da sabon ƙarfe ke isa can ita ce ta sama. Wani ƙiyasi da masanan hukumar NASA suka fitar a 2015 daga bayanan tauraron ɗan'adam ya nuna kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara zuwa kan Atlantika kowace shekara, kuma kusan tan miliyan 28 daga ciki na sauka a yankin Amazon. Kusan kashi 3.5 cikin 100 na nauyin ƙurar ƙarfe ne, amma ɗan kaɗan ne daga wannan ke narkewa a ruwan teku, sau da yawa kashi 1 ko 2 cikin 100. Ƙurar da ta daɗe a sama, ta haɗu da hayaƙi da asid da raɓar gajimare, ta fi narkewa.

Hazon da ke rufe Kaduna daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, yawancinsa daga Kwarin Bodele yake a arewacin Chadi, wanda gindin tsohon babban Tafkin Chadi ne da ya ƙafe. Shi ya sa hazon yake fari-fari: ƙasar wurin ragowar kwanson gansakukar tafki ce, har da ɓurɓushin ƙashin kifi mai fosforos. Iskar arewa maso gabas na kwaso ta, manyan ƙwayoyi su zube a kan hanya, a kan rufinmu da gonakinmu, masu laushin su wuce zuwa Mashigin Tekun Gini da tsakiyar Atlantika. Ba ƙurar Bodele kaɗai ba ce, domin hamadar Mali da Muritaniya da Aljeriya ma suna tura ƙura mai yawa, musamman da bazara da damina, lokacin da take hawa sama sosai ta nufi tsibiran Karibiyan. Inda iskar arewa da ta kudu suke haɗuwa, wato layin ruwan saman nan da ke hauro mana da damina, ruwan sama na wanke ƙurar ya zuba ta cikin teku. Saboda haka layin ya zama kamar iyaka. Arewa da shi akwai ƙarfe, Trichodesmium ya yi yawa, har ya shanye fosfat ya rage 'yan nanomol. Kudu da shi fosfat na nan a wadace amma babu ƙarfe, kama naitirojin ya yi ƙasa ƙwarai. Moore da abokan aikinsa sun nuna wannan a 2009 da awon da suka yi daga arewacin Atlantika zuwa kudancinsa. Kafin nan, a 2004, Mills da abokan aikinsa sun ɗebi ruwa a gabashin Atlantika, gefenmu na Afirka ta Yamma, suka zuba ƙarfe a wasu kwalabe, fosfat a wasu, duka biyun a wasu, ƙurar Sahara a wasu. Ƙarfe da fosfat tare ne suka ɗaga kama naitirojin, ƙurar ma ta ɗaga shi, domin tana ɗauke da duka biyun.

Trichodesmium ba ya zaman jiran ƙarfe ya narke da kansa. An ga dunƙulensa yana kama ƙwayar ƙura, zaren suna tura ta zuwa tsakiya, inda shi da bakteriyar da ke zaune a jikinsa suke narkar da ita. In fosfat ya yi ƙaranci kuma yana da enzayim na ɓanɓaro fosforos daga ragowar matattun halittu da ke narke a ruwa. Kuma ba ko'ina ne ƙura ke wannan aiki ba. A kudu maso yammacin Fasifik, wajen Tonga, ƙarfen yana fitowa ne daga duwatsu masu aman wuta na ƙarƙashin ruwa, kuma can ne aka auna wasu daga cikin adadi mafi girma a duniya.

Nawa ake kamawa? Ƙiyasin duniya gaba ɗaya yana tsakanin tan miliyan 100 da 200 na naitirojin a shekara, wato daidai da abin da dukkan masana'antun takin duniya ke samarwa, ko ma fiye. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, don haka tan miliyan 150 ya kai buhu biliyan 6.5. Amma in ka raba shi a faɗin teku, siriri ne. A wuri mai kyau a arewacin Atlantika ana samun kamar maikiromol 200 a kowace murabba'in mita a rana, wanda in ka lissafa ya zama giram 28 a hekta a rana, kusan kilo 10 a hekta a shekara. Masara a yankinmu ana ba ta shawarar kusan kilo 120 a hekta. Faɗin wurin ne ya sa jimillar ta yi girma. A tashar bincike ta ALOHA, kilomita 100 arewa da tsibirin Oahu na Hawai, inda ake awo kusan kowane wata tun 1988, Karl da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 1997 cewa har kusan rabin sabon naitirojin da ke shiga saman ruwa daga wannan hanya yake. Trichodesmium kan zubar da wani kaso mai yawa na abin da ya kama, wani lokaci har rabi, a matsayin amoniya da narkakkun sinadarai, sauran tsirrai su sha, ƙananan dabbobin ruwa su ci, har ya kai ga kifi. A ɗaya gefen kuma akwai masu mayar da naitirojin iska, a wuraren da oksijin ya ƙare a tsakiyar ruwa, kamar Tekun Larabawa da gaɓar Peru da Meziko, da kuma cikin laka a gindin teku. Masu kamawa ne ke cike wannan giɓi.

Kusa da gaɓa, inda Kogin Neja ke zuba abin da ya kwaso har da na Kogin Kaduna, ko inda ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa a gaɓar Gana da Kwaddibuwa daga Yuli zuwa Satumba, naitiret na samuwa a sauƙaƙe. A irin wannan wuri tsirran da ba sa biyan tsadar naitirojinas sun fi saurin girma, sai su rigaye masu kamawa wajen ƙarfe da fosfat. Dalili ɗaya ne da wanda ya sa waken suya da aka cika wa yuriya ba ya yin ƙululu da yawa.

Sauran batun awo, kuma a nan nake so in daɗe, domin duk adadin da na kawo a sama ya dogara ne da shi.

Hanyar da aka fi yarda da ita tana amfani da naitirojin mai nauyi, aisotof na 15, wato nau'in da ƙwayar zarrarsa ta ɗan fi ta naitirojin da aka saba nauyi. A iskar duniya kashi 0.366 cikin 100 ne kawai. Ana sayen iskar da kashi 98 ko 99 nata mai nauyin ne, a ba wa ƙwayoyin, a ga nawa ya shiga jikinsu. Ana ɗebo ruwa kafin fitowar rana daga zurfi daban-daban da kwalabe masu rufe kansu a ƙarƙashin ruwa. A juye shi a hankali cikin gorar roba mai haske ta lita 4 ko makamancin haka, wadda aka jiƙa a asid na haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 aka ɗauraye da ruwa mai tsabta, a cika ta maƙil babu iska, a rufe da marfi mai robar da allura ke hudawa. Tun kafin nan an tace wani ruwan tekun da matata mai ramin maikiromita 0.2, an zuƙe iskar da ke cikinsa, an zuba masa iskar mai nauyi kamar mililita 1 a kowace mililita 100, an girgiza har ta narke. Mililita 200 na wannan a gorar lita 4 zai kai naitirojin mai nauyi na cikin gorar wajen kashi 5 cikin 100, wanda shi ake nema. Sai a sa gorar a kwatarniyar da ruwan teku ke gudana a kan jirgi don zafin ya daidaita, a lulluɓe da raga ko shuɗiyar leda gwargwadon hasken zurfin da aka ɗebo ruwan, a bar ta awa 24 cif. Daga nan a ɗebi ɗan ruwa don auna ainihin yawan mai nauyin da ke narke, a tace sauran a kan takardar tacewa ta zaren gilashi wadda aka ƙona a digiri 450 na awa 4 zuwa 5, a busar a digiri 60, a naɗe a kwanon kuza, a kai na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin zarra. Dole kuma a tace wata gora nan take ba tare da an sa mata komai ba, domin a san inda aka fara.

Ga misalin lissafi. A ce naitirojin da ke jikin ƙwayoyin ruwan nanomol 500 ne a lita. A farko mai nauyinsa kashi 0.367 ne, bayan awa 24 ya zama 0.377, ƙarin 0.010 ke nan. Ruwan gorar ya fi farkon da kashi 5.0. Ka raba 0.010 da 5.0, ka sami 0.002, ka ninka da 500. Amsa ita ce nanomol 1 a lita a rana. Dubi ƙanƙantar ƙarin da aka gina amsar a kai, za ka gane dalilin da ya sa ƙaramin kuskure ke rusa komai.

Kuskuren da ya fi shahara shi ne na kumfa. Daga 1996 hanyar da aka saba ita ce a tsira iskar kai tsaye cikin gora da sirinji, a lissafa kamar ta narke nan take. A 2010 Mohr da abokan aikinta suka nuna cewa kumfar tana ɗaukar awanni da yawa kafin ta daidaita da ruwan, wato ƙwayoyin sun sami ƙasa da abin da aka rubuta, amsar kuma ta fito ƙasa da gaskiya. Wani awo da aka yi a Atlantika aka wallafa a 2012 ya nuna sabuwar hanyar kan ba da kusan ninki biyu. A ganina duk adadin da aka samo da tsohuwar hanyar a ɗauke shi a matsayin mafi ƙarancin abin da ke faruwa. Sai kuma a 2014 Dabundo da abokan aikinsa suka gano cewa wasu tukwanen iskar da ake sayarwa suna da gurɓacin amoniya da naitiret masu nauyi. Kowace gansakuka na shan waɗannan, sai a ga kamar an kama naitirojin alhali ba a kama ba. Maganinsa a gwada kowace tukunya kafin a tafi da ita.

Akwai ƙananan kurakurai da ba a cika faɗa ba. Jirgin ruwa kansa ƙarfe ne, ɗan tsatsa daga waya ko hannu ya isa ya ciyar da ƙwayoyin gorar, shi ya sa ake sa safar hannu mara hoda ana aiki a wuri mai tataccen iska. In aka tsaya a awa 12 na rana an bar Crocosphaera a baya, in na dare ne an bar Trichodesmium. Trichodesmium yana tasowa saman kwalbar ɗibar ruwa saboda jakunkunan iskarsa, wanda ya tsiyayi ruwa ta famfon ƙasa bayan kwalbar ta daɗe a tsaye zai rasa shi. Takardar zaren gilashi raminta kusan maikiromita 0.7 ne, ƙananan bakteriya na iya wucewa. Abin da ƙwayoyin suka kama suka zubar a narke ba ya zama a kan takarda, ba a ƙirga shi. In kuma naitirojin da ke kan takardar bai kai kamar maikirogiram 10 ba, na'urar ba ta ba da amsar da za a dogara da ita, shi ya sa ake tace lita da yawa a ruwan da ba shi da komai.

Tsohuwar hanya mai arha ita ce ta asitilin, iskar nan da masu walda a Panteka ke samu in sun zuba wa kabaid ruwa. Naitirojinas yana mayar da asitilin ya zama etilin. Sai a sa samfuri a kwalba mai marfin roba, a maye gurbin kashi 10 cikin 100 na iskar saman kwalbar da asitilin, a riƙa ɗibar iskar bayan kowane ɗan lokaci ana auna etilin da na'urar rarrabe iskoki. A lissafi, etilin 3 ko 4 na daidai da iskar naitirojin 1, amma a aikace wannan ma'auni yana kaucewa sosai, don haka hanyar ta fi dacewa da kwatanta wuri da wuri ko safe da yamma. Asitilin na kabaid yana da datti irin su amoniya da fosfin, sai an bi da shi ta cikin ruwa da asid an wanke, kuma yana kama wuta, ba abin da za a ba yara ba ne. Hanya ta uku ita ce neman ƙwayar gado ta naitirojinas, mai suna nifH, a cikin DNA da aka tace daga ruwa. Tana gaya maka su wa ke nan da yawansu, ba ta gaya maka ko suna aiki a lokacin ba.

Abin da za ka iya yi da ɗalibai a nan Kaduna ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori. Ku tono waken suya ko wake lokacin da ya fara fure, da fartanya, kada a tumɓuke shi da hannu domin ƙululun zai tsinke ya zauna a ƙasa. A wanke saiwar a bokiti, a tsaga ƙululu da reza. Ja-ja yana aiki, fari bai fara ba ko ba shi da amfani, kore ko baƙi-baƙi ya tsufa. Sannan a ɗebo koren ruwa daga kududdufi ko fadamar shinkafa, a ɗiga a kan gilashi, a duba da maikiroskof a ninki 400. Ku nemi zare mai kama da carbi, Anabaena ko Nostoc. A tsakanin ƙwayoyin za ku ga wata ta fi sauran girma da haske, bangonta mai kauri. Ita ce keɓaɓɓiyar ƙwayar da ke kama naitirojin, irin wadda Richelia ke da ita a teku. In ruwan daga gonar da aka zuba wa yuriya kwanan nan ne, da wuya ku gan ta, domin zaren ba ya ƙera ta sai ya rasa naitirojin. Saboda haka a ɗebo daga wuri biyu, wanda aka sa wa taki da wanda ba a sa ba, a sa ɗalibai su ƙirga keɓaɓɓun ƙwayoyi a cikin kowace ƙwaya 100 na zaren, su kwatanta.